A Nuna Wa Mai Suna Sunansa Kafin A Rufe Fom

Idan ka leƙa harabar wata babbar kotu a garuruwanmu da hantsi, za ka tarar da mutane da dama waɗanda ba ƙara suka kawo ba, ba kuma ƙararsu aka yi ba. Takardar rantsuwa suka zo nema. Wannan yana so ya rantse cewa Muhammad ɗin da ke kan takardarsa ta sakandare shi ne dai Mohammed ɗin da ke kan lambarsa ta NIN. Waccan tana so ta rantse cewa ranar 4 ga Maris aka haife ta, ba 3 ga Afrilu ba. Ga wani dattijo can a gefe da kuɗin fanshonsa suka maƙale, don banki ya sa sunan mahaifinsa a gaba, ofishin fansho kuma ya sa shi a baya. Daga kotu sai a zarce a biya jarida ta buga sanarwar canjin suna, alhali babu wanda ya canza suna. Mun saba ɗora laifin a kan sakacin jama'a, ko gangancin yaran da ke aiki a kafen intanet. Akwai wannan, ba na musu. Amma kaso mai tsoka na laifin yana wuyan waɗanda suka tsara fom ɗin tun farko, kuma a kansu zan yi magana a wannan makon.

Duk wata manhaja da ke ajiye bayanan mutane, ta makaranta ce ko ta asibiti ko ta banki, aiki biyu take yi da bayanan: ta nuna su, ta kuma ba da damar a gyara su. Tambayar da mai haɗa manhajar yake fuskanta tun ranar farko ita ce, shafi ɗaya zai yi wa ayyukan biyu, ko kowanne da nasa? Mafi yawan shafukan da nake gani a nan gida hanyar sauƙi suke bi. Fom guda ake zanawa, mai akwatuna jere. Idan ka zo dubawa sai a kulle akwatunan, su yi toka-toka. Idan ka danna maɓallin gyara sai su buɗe. Aiki ya ragu da rabi, an miƙa kwangila a kan lokaci, an karɓi kuɗi.

Matsalar ita ce akwatin da aka yi don rubutu bai dace da karatu ba. Ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa shafukan intanet ga kowa, waɗanda ake kira WCAG, sun ce dole bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Amma ƙa'idojin sun cire akwatunan da aka kashe daga wannan sharaɗi, bisa tunanin cewa ba wanda ke buƙatar karanta abin da ba ya aiki. Burauza kuma dishe su take yi. Sai mu kuma muka ɗauki wannan dishi-dishin muka mayar da shi wurin da mutum zai tantance ranar haihuwarsa, a kan ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, cikin ranar Afrilu. Ga shi akwati yana da iyaka: idan sunanka Abdurrahman Abubakar Sadiq, abin da za ka gani ya tsaya a tsakiya, ragowar ya ɓuya, kuma a can cikin ragowar kuskuren yake kwance. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa shafi kuwa, sau da yawa maɓallin tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi wuce irin waɗannan akwatuna yake yi kamar babu su.

Akwai kuma wani tarko da masu sana'ar suka sani, ko ya kamata su sani. A harshen HTML da ake gina shafuka da shi, akwatin da aka kashe gaba ɗaya ba ya tafiya da sauran bayanai idan aka aika fom. Idan mai haɗa manhajar bai yi hattara ba, mutum ya shigo gyara lambar wayarsa kawai, ya danna ajiye, sai babbar kwamfutar da ke can ta ga ba a aiko mata da sunan ƙaramar hukuma ba, ta ɗauka an goge ne, ta share wanda ke wurinta. Ka gyara abu ɗaya, ka ɓata wani ba ka sani ba. Sannan kullen da ake yi a fuskar shafi kulle ne na ganin ido. Duk yaron da ya yi wata uku yana koyon sana'ar zai iya buɗe kayan aikin burauza ya cire shi. Idan ba a can cikin babbar kwamfutar aka hana canjin ba, to ba a hana komai ba.

Duk wannan an rubuta shi a littattafan Turawa tun tuni. Luke Wroblewski ya fitar da littafi sukutum a kan tsara fom a 2008, kafinsa Jakob Nielsen ya jera ƙa'idojinsa goma a 1994, cikinsu har da cewa manhaja ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki, kuma ta tare kuskure tun bai auku ba. Abin da littattafan ba su cika kawowa a lissafi ba, shi ne wanda ya fi damun mu. Su a ƙasashensu, mai bugawa shi ne mai bayanin. Mutum ɗaya ne zaune gaban kwamfutarsa, ya san sunansa, ya san ranar da aka haife shi. Mu a nan mutum biyu ne. Ɗaya yana bugawa, ɗaya yana tsaye a bayansa.

Shiga kowane kafe a lokacin da wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikata, ko jami'a ta buɗe rajista. Janareta na ruri a ƙofa, mutum goma sha wani abu na jiran layi a kan benci, yaron shagon ya sa fuskar kwamfutar ta kalle shi shi kaɗai. Ba ya ɗago kai.

"Malam, suna?"

"Isma'ila Garba."

"Wanne ne na mahaifi?"

"Garba."

"Ranar haihuwa?"

"To, shekarar da aka yi zaɓen Abiola dai aka ce."

Yaro ya zaɓi 1993, ya sa 1 ga Janairu, ya wuce. An zo wurin imel, Malam Isma'ila ba shi da shi, sai yaro ya sa na shagon. An zo wurin kalmar sirri, ya sa wadda yake sa wa kowa. Yatsunsa na gudu, allon na sama da ƙasa, mai bayanin yana miƙa wuya ta saman kafaɗarsa bai kama ko layi ɗaya ba. Aka danna aikawa, aka buga takarda, aka biya. Sai a gida, da dare, ƙanensa da ya yi boko ya duba ya ce, "Yaya, ai Ismail Garuba aka rubuta, kuma an sa ka a ƙaramar hukumar da ba taka ba." Da safe aka koma, fom ya rufe. Ba a gyara sai an biya, ko ma ba a gyarawa sam.

Ban ga laifin yaron nan sosai ba. A kan kowane kai ake biyansa, layi na jiransa, man janareta na ƙonewa. Abin da nake cewa shi ne, tunda haka rayuwarmu take, shafin gyara na mai bugawa ne, shafin dubawa kuma na mai bayanin ne, kuma mutum biyun nan buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Mai bugawa yana son sauri, akwatuna kusa da juna, ya yi ta tsallakawa ba tare da ya taɓa linzamin kwamfuta ba. Mai bayanin yana son manyan baƙaƙe, baƙi a kan fari, babu akwati, babu ado, abin da zai iya karantawa daga taku biyu. Yana son ya ga wata a rubuce da sunansa, "4 ga Maris, 2006", domin 03/04 a wurin Ba'amurke Maris ne, a wurinmu da Ingila Afrilu ne, kuma manhajojin da ake kwafowa daga intanet da yawansu da tsarin Amurka suke zuwa. Yana son a rubuta masa ƙarara: wannan shi ne sunanka, wannan na mahaifinka, ga yadda za su jeru a kan takardarka. In da hali a ba shi zaɓin ya gani da Hausa. Wanda ya haɗa mutanen nan biyu a fom guda, mai bugawa ya zaɓa ya bar mai suna, ko da bai yi niyya ba.

Gwamnatin Birtaniya, tun da ta haɗe shafukanta a ƙarƙashin GOV.UK a 2012, ta fito da wani tsari da nake ganin ya kamata mu ɗauka ba kunya. Kafin ka aika kowace irin buƙata, sai an kawo ka wani shafi da ke jera dukkan amsoshinka a matsayin rubutu zalla. A gefen kowane layi akwai 'yar kalma guda da za ka danna idan kana son canza wannan layin kaɗai. Ka danna, ta kai ka gurbin, ka gyara, ta dawo da kai inda ka baro. Ba a mayar da kai farko, ba a goge maka sauran. Ranar haihuwa kuma akwati uku suke ba ta, rana da wata da shekara, kowanne da sunansa a kai, maimakon kalandar nan da mutumin da aka haifa a 1965 zai yi ta ja da baya har yatsa ya gaji. Babu wata fasaha mai tsada a nan. Ɗalibin aji biyu a sashen kwamfuta na Jami'ar Bayero zai iya haɗa shi cikin yini.

Sai dai mu sai mun ƙara a kan nasu, saboda mutum na biyun nan. Kafin fom ya rufe, a tura taƙaitaccen bayanin zuwa wayar mai shi ta saƙon tes, tare da lambar da sai ya karanto ta za a iya kammalawa. Ko mai ƙaramar waya zai samu, kuma wannan kaɗai zai tilasta a sa lambar mai bayanin, ba ta mai shago ba. Bayan an aika kuma, a bar ƙofa a buɗe kwana biyu ko uku, mutum ya je gida ya nuna wa wanda ya fi shi karatu, ya dawo ya gyara kyauta. Me hukuma za ta rasa a cikin kwana ukun nan? Abin da za ta rasa shi ne kuɗin gyara, kuma ina zargin a wasu wuraren shi ya sa ba a so.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar marasa ilimi ce. A watan Agustan 2020, bankin Citibank na Amurka ya tashi biyan kuɗin ruwa na kusan dala miliyan 8 ga masu bin kamfanin kayan kwalliya na Revlon bashi. Sai ya tura musu kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. Manhajar da aka yi aikin da ita, Flexcube, wadda wasu bankunan Najeriya ma suke amfani da ita, tana buƙatar a yi alama a gurabe uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a cikin banki. Ma'aikacin ya yi alama a guda ɗaya, yana ganin ya gama. Ƙa'idar bankin ita ce sai mutum uku sun duba kafin kuɗi su fita, kuma ukun duk sun duba, duk sun amince. Me ya sa? Domin dukkansu fom ɗin gyaran suke kallo, da akwatunansa da alamominsa, kowa yana fassara shi yadda ya fahimta. Gargaɗin da ya fito a ƙarshe ya ce kuɗi za su fita daga banki, amma bai faɗi nawa ba. Da akwai shafi guda mai layi ɗaya da ke cewa ga adadin da zai fita, ga waɗanda za su karɓa, da ko masinja ya gani zai yi salati. Wasu suka mayar da kuɗin, wasu suka ƙi. A Fabrairun 2021 alƙali Jesse Furman ya yanke cewa waɗanda suka riƙe kusan dala miliyan 500 suna iya riƙewa, sai a Satumban 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ƙwararru uku ke nan, a ɗaya daga cikin manyan bankunan duniya. Ina ga Malam Isma'ila da ke leƙe ta saman kafaɗa?

Na san akwai masu ra'ayin da ya saɓa wa nawa, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Marigayi Larry Tesler, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken Xerox da kamfanin Apple, ya rasu a 2020, ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da duk tsarin da zai sa manhaja ta zama tana da "yanayi" biyu, wato yanzu kana cikin dubawa, an jima kana cikin gyara. Har a lambar motarsa ya rubuta adawarsa. Hujjarsa ita ce mutum yana mantawa da yanayin da yake ciki, ya yi abu yana zaton wani abin yake yi. Daga irin tunaninsa aka samu abin da muka saba da shi yau: ka taɓa rubutu a inda yake, ka gyara nan take, ya ajiye kansa, kamar a Google Docs. Kuma yana da gaskiya a inda yake da gaskiya. Malamin da zai shigar da makin ɗalibai ɗari uku, ko akawun da ke kan lissafin albashi tun safe, idan ka ce sai ya danna gyara, ya danna ajiye, ya danna tabbatarwa a kan kowane layi, ka zalunce shi, kuma kafin azahar zai daina karanta gargaɗin naka, ya riƙa danna "na yarda" ido rufe. Irin wannan ma'aikaci a ba shi jadawali buɗaɗɗe, amma a ba shi hanyar janye abin da ya yi yanzun nan, kamar yadda Gmail ke ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka dawo da wasiƙar da ka aika.

Amma wanda ke shiga shafi sau ɗaya a shekara, ta waya, da babban yatsa, labarinsa daban ne. Yana jan shafi ƙasa don ya karanta, yatsa ya goga wani gurbi, jiharsa ta tashi daga Kano ta koma Katsina, manhaja ta ajiye ba ta tambaye shi ba. Ma'aunin dai biyu ne: sau nawa mutum yake wannan aikin, kuma nawa kuskure zai ci masa. Inda aikin na kullum ne, kuskuren kuma mai arha, a buɗe. Inda aikin na shekara-shekara ne, kuskuren kuma zai kai mutum kotu, a sa ƙofa, a rubuta mata suna, kuma idan mutum ya shiga ya san ya shiga: launin shafin ya canza, maɓallin ajiyewa da na fasawa su fito ɓaro-ɓaro, kada a manna su da juna.

Ga kuma sabis ɗinmu da kowa ya san halinsa. Fom ɗin da zai goge duk abin da ka rubuta don netwok ya ɗauke, ko don ka manta gurbi ɗaya, wanda ya haɗa shi bai taɓa cika fom a Gwarzo ko Gumel ba. A riƙa ajiye abin da aka shigar a hankali a hankali, kuma idan an danna biya sau biyu saboda shafi ya tsaya cak, kada a cire kuɗi sau biyu.

Yanzu bari in zo inda hukumomi ke da hujja. Ba kowane gurbi ne za a bar wa mutum ya canza yadda ya ga dama ba. Adireshi da lambar waya, wannan nasa ne. Ranar haihuwa kuwa, mun san kanmu. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, kuma mun ga waɗanda shekarunsu ke tafiya da baya idan lokacin ya matso. Wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa, aikin soja da na 'yan sanda suna da iyakar shekaru, ga 'yan ƙwallo da ba sa tsufa. Saboda haka idan hukuma ta ce ba za ta bar wannan gurbi a buɗe ba, ban ce ta yi laifi ba. Inda na saɓa da ita shi ne yadda take hukunta mai gaskiya tare da maƙaryaci, don ba ta da hanyar bambanta su. Kuma rashin hanyar daga tsarin fom ɗin ya samo asali.

Dubi mai shagon unguwa da littafinsa na bashi. Idan ya yi kuskure ba ya gogewa. Layi ɗaya yake ja a kan tsohon adadin, ya rubuta sabon a gefe, yadda idan gardama ta tashi kowa zai ga abin da ke nan da, da abin da ya koma. Manhajojinmu da yawa ba su kai littafin nan ba: sabon bayani yana hawa kan tsoho ya shafe shi, babu sawu. Wikipedia, har da ta Hausa, ta bar kowa ya gyara kusan kowane shafi, abin da ya hana ta rugujewa kuwa shi ne kowane gyara yana da tarihi: wane ne ya yi, yaushe, me ya cire, me ya sa. Idan rumbun bayanan hukuma yana riƙe da irin wannan tarihi, kuma shafin dubawa yana nuna wa mai bayanin nasa, to an kashe tsuntsu biyu. Mai rage shekaru ya san sawunsa na nan. Wanda jami'in rajista ya yi wa kuskure kuma yana da shaida a hannu cewa ba shi ya buga ba.

Wannan batu ya ƙara nauyi tun da lambar NIN ta zama uwa. A Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa ta da layukan waya. Daga 2021 JAMB ta wajabta ta, ɗalibi ya tura lambarsa zuwa 55019, a jawo sunansa da ranar haihuwarsa kai tsaye daga rumbun bayanan NIMC, hukumar da ke ba da NIN. Fasfo na neman ta, banki na neman ta tare da BVN, asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka buɗe a 2024 shi ma haka. Dabarar tana da kyau, domin ta rage yawan hannayen da ke sake buga sunan mutum. Amma ma'anarta ita ce kuskuren da aka yi a mafari yana gangarawa ko'ina. NIMC ta buɗe shafin da mutum zai nemi gyara da kansa a 2024, wannan ci gaba ne, a yaba mata. Sai dai tun Mayun 2025 kuɗin gyaran ranar haihuwa ya koma naira 28,574, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ga mai son rage shekaru don ya ƙara wa'adin aiki, wannan kuɗin shayi ne. Ga yarinyar da aka juya wa rana da wata a wurin rajista, kuɗin abincin gidansu ne na kwanaki. Farashi ɗaya ya kasa tsorata na farkon, ya kuma karya ta biyun. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin a gyara masa bayanin da ba daidai ba. A ganina, inda tarihi ya nuna kuskuren daga hannun jami'i ya fito, karɓar kuɗi a wurin mai bayanin bai dace da ruhin wannan doka ba.

Idan kuma gyaran sai an duba kafin a amince, to shafin ya faɗa. Ya nuna tsohon bayani da sabon da aka nema gefe da gefe, ya ce an karɓa ranar kaza, yana teburin kaza, an ƙi saboda kaza. Na taɓa raka wata 'yar'uwata wani ofis a kan gyaran harafi guda a sunanta. Shafinsu ya karɓi buƙatar, ya karɓi kuɗin, ya ci gaba da nuna tsohon sunan kamar ba a yi komai ba. Ba ta san ko ya shiga ba, sai ta sake nema, ta sake biya. Da muka je, jami'in ya ce ai buƙatu biyun ne suka yi karo, sai an soke ɗaya. Layi ɗaya a kan shafi, "buƙatarki na jiran dubawa", da ya hana duk wannan.

Irin wannan karo yana faruwa a cikin ofis ma. Ma'aikata biyu sun buɗe fayil ɗin majiyyaci ɗaya a asibiti, wannan ta gyara nau'in jininsa ta ajiye, wancan da ya buɗe tun kafin ta gyara ya canza lambar waya ya ajiye daga baya, sai tsohon nau'in jinin da ke kan allonsa ya dawo ya hau kan gyaranta. Maganin sananne ne a sana'ar: kowane fayil ya riƙe lambar zubi, idan ka zo ajiyewa aka ga wani ya riga ka, a tsayar da kai a nuna maka abin da ya canza. Fom ɗin da kullum yake buɗe don gyara, ko da mutum dubawa kawai ya zo yi, shi ya fi jawo wannan.

Ba zan rufe ba sai na taɓo sunayenmu, domin nan ne fom ke ƙirƙiro kuskure da kansa. A'isha, Sa'adatu, Rabi'u, Mu'azu: shafuka nawa ne ke cewa sunan "ba daidai ba ne" saboda 'yar waƙafin da ke sama? Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma har gobe Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙasimu sai sun ajiye lanƙwasarsu a ƙofa. Na san layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar komai sai haruffan A zuwa Z da lambobi, wannan ƙa'idar duniya ce. To a yi gurbi biyu mana: sunan yadda mai shi yake rubutawa, da yadda na'ura za ta karanta, a nuna masa duka biyun ya amince. Sannan wannan tilas na "sunan iyali". Bahaushe sunansa da na mahaifinsa ya sani, wani ya ƙara da na garinsu, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Idan fom ya tambayi abin da mutum ba shi da shi, kowane mai bugawa zai cike da abin da ya ga dama, yau sunan uba, gobe na kaka, jibi na gari. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma rubutun Faransanci ya mayar da Muhammadu Mahamadou, ya mayar da Yusufu Issoufou, sai ka ga wa da ƙane a ɓangarori biyu na iyaka kwamfuta ta raba su uba. Wani mai haɗa manhaja, Patrick McKenzie, ya rubuta maƙala a 2010 yana jera ƙarairayin da masu sana'arsa suka yarda da su game da sunayen mutane. Ya kamata duk matashin da ke koyon aikin nan a Kano ko Kaduna ko Zariya ya karanta ta kafin ya zana akwatinsa na farko.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kirana ga hukumomi da jami'o'i da gwamnatocin jihohi masu ba da kwangilar waɗannan shafuka shi ne su sa abu uku a cikin sharuɗɗan biyan kuɗi: shafin dubawa mai zaman kansa kafin a aika, wa'adin gyara kyauta bayan an aika, da tarihin kowane canji da mai bayanin zai iya gani. Hukumar NITDA na da ikon mayar da wannan ƙa'ida ga dukkan shafukan gwamnati, sai ta yi hakan. Kuma kafin a karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila, a kai shi kafe guda a gwada da mutanen da ke kan benci, ba a ɗakin taro mai sanyi ba.

Kai kuma mai karatu, kafin su gyara nasu: duk ranar da wani zai cika maka fom, ka je da lambar wayarka da imel ɗinka, ka rubuta sunanka da ranar haihuwarka a takarda yadda suke a kan NIN ɗinka, ka miƙa masa. Idan ya gama, ka ce ya juyo maka da allon, ka karanta layi-layi, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Ko mutum nawa ne a bayanka, kada ka bari ya danna aikawa sai ka gani da idonka.